Yaya, ga amsar maganar ƙwallon jami'a da ka tambaye ni

Lincoln, jihar Nebraska
Agusta 2025

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida ya iyali, ya damina, ya ƙafar Inna? Ina fata maganin da aka canza mata ya karɓe ta. Saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a na saurara har sau uku, amma amsar ta fi ƙarfin minti biyu shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, in ka samu caji da natsuwa ka karanta, sannan ka miƙa wa ɗan namu wayar shi ma ya karanta da idonsa tunda a kansa maganar ta taso.

Abin da ya gani a TikTok cewa jami'o'in Amurka sun fara biyan 'yan ƙwallo kuɗi, ba ƙarya ba ne. Amma Yaya wace ƙwallon? Ba tamu ba ce ta ƙafa. Tamu a nan soka suke ce mata, kuma jami'ar da nake, Jami'ar Nebraska, ma ba ta da tim ɗin maza na soka kwata-kwata, na mata kawai gare ta. Wadda ake zuba wa kuɗin ita ce tasu da suke kira futbol, ƙwallo ce mai tsini biyu kamar gwanda, da hannu ake ɗaukarta a ruga, 'yan wasan sun sa hular kwano da wani abu a kafaɗa kamar lifidin dawakin sarki. Mutum 11 kowane ɓangare. Ana ba ka dama 4 ka ci gaba da yadi 10, in ka ci a sake ba ka wasu 4, in ka kasa ka ba abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya ci maki 6, in an buga ta da ƙafa ta bi tsakanin ƙarafa maki 3. A takarda minti 60 ne wasan amma sai ka yi awa 3 da rabi a zaune, saboda kowane ɗan motsi sai an tsaya an sa talla a talabijin, kuma wannan tallar ka riƙe ta a ranka don zan dawo kanta, ita ce uwar kuɗin.

Ni kaina shekarata ta farko a garin nan ko kallo ba ta ishe ni ba. Ranar Asabar in an yi wasa sai dai in ga gari ya koma ja, tsoho da yaro da jariri a goye kowa da jar riga, hanya ta toshe, in shige ɗaki in nemi wasan Firimiya a waya. Maƙwabcina ne ya ja ni. Dattijo ne ya haura 70, manomin masara da waken soya ne a da, ya bar wa ɗansa gonar ya dawo gari saboda asibitin matarsa, to matar ta rasu shekara 2 da suka wuce. Lokacin sanyi nakan kwashe masa ƙanƙarar ƙofar gida in na kwashe tawa, ba wani abu ba, yadda dai za ka yi wa kowane dattijon unguwa. Rannan bara ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce yana da kujera biyu a filin wasa, tun zamanin babansa suke riƙe da su, ɗayar ta matarsa ce kuma ba ya son ya sayar ba ya son ya zauna kusa da wuri babu kowa, ko zan raka shi. Wallahi Yaya ban iya ce masa a'a ba.

Kujerar ma da ake faɗa ba kujera ba ce, dogon benci ne an rubuta lambobi a jiki, wurin mutum ɗaya bai fi faɗin tire ba, in kowa ya sa rigar sanyi sai kun zauna a karkace kafaɗa na gogar kafaɗa. Amma da muka isa layinmu sai na ga kowa ya san kowa. Matar da ke gabanmu ta juyo ta rungume shi, na bayanmu ya tambaye shi ya girbin ɗansa, wani ya nuna min wani ƙaton saurayi mai gemu ya ce wannan a kan bencin nan aka yi renonsa. Shekara 30, shekara 40 suna zama tare sau 7 a shekara, wasu ko gidan juna ba su sani ba amma sun san wanda ya mutu da wanda ya haihu. Da ya gabatar da ni ya ce wannan ne zai zauna a wurinta, sai matar nan ta kama hannuna da hannu biyu ta daɗe ba ta saki ba.

Filin sunansa Memorial Stadium, an gina shi a 1923, yana cin mutum wajen 85,000. Ka tuna duk jihar Nebraska mutanenta kusan miliyan 2 ne kacal, ba ta kai cikin birnin Kano ba, shi ya sa suke alfahari da cewa ranar wasa filin shi ne gari na 3 a yawan jama'a a jihar, bayan Omaha da Lincoln. Ba su da wani babban kulob na ƙwararru a jihar, ba na futbol ba na kwando, wannan tim ɗin na ɗalibai shi ne nasu gaba ɗaya. Sunansa ma Cornhuskers, wato masu ɓarar masara. Akwai waɗanda ke tuƙo mota awa 5 awa 6 daga yammacin jihar su kalli wasa su juya a daren. Kuma tun watan Nuwamba na 1962 ba a taɓa yin wasa a filin nan tikiti ya yi kwantai ba, in ka cire shekarar korona da aka hana shiga. Zuwa ƙarshen bara wasa 403 ke nan a jere, babu jami'ar da ta kama ƙafarsu a duk Amurka.

Dattijon nan in ya fara ba ni tarihi a mota sai mun kai gida bai gama ba. Wani koci Bob Devaney shi ya tayar da su, ya ci kofin ƙasa a 1970 da 1971, sai mataimakinsa Tom Osborne ya karɓa ya yi shekara 25, ya ci a 1994 da 1995 da 1997. Osborne yana nan da rai, mutanen jihar har majalisar wakilai ta tarayya suka tura shi bayan ya bar koci, in an nuno shi a allon fili sai kowa ya miƙe. To daga nan fa ruwa ya ɗauke. Rabon su da kofin rukuninsu tun 1999. Suka yi ta canza koci, har a ƙarshen 2017 suka dawo da ɗan gida Scott Frost, wanda shi ne ya ja tim ɗin 1997 yana ɗan wasa, kowa ya ce shi ke nan an gama, sai ga shi ya ci wasa 16 ya sha kashi 31. A 2021 sun yi rashin nasara sau 9 kuma duk cikinsu babu wanda tazarar ta kai maki 10, kullum a bakin gaɓa jirgin ke nutsewa. A Satumban 2022 wata ƙaramar jami'a, Georgia Southern, da aka biya ta sama da dala miliyan 1 don ta zo a doke ta, ta zo har gida ta ci su 45 da 42, washegari aka sallame shi. Kuɗin sallamar dala miliyan 15, alhali da an jira zuwa 1 ga Oktoba da ya ragu zuwa rabi. Sati uku kawai. Wannan ya nuna maka irin kuɗin da ke yawo da kuma irin zafin da abin ya yi wa mutane.

Duk tsawon shekarun nan na shan kashi mutanen bencinmu ba su fasa zuwa ba. Wannan shi ne abin da ya kama ni, ba wasan kansa ba.

Bari in ba ka labarin ranar 23 ga Nuwamban bara, wasa da Wisconsin. A tsarinsu in tim ya ci wasa 6 a shekara yana samun gurbin wani wasa na musamman a ƙarshen shekara da suke kira bol, kuma rabon Nebraska da shi tun 2016. Bara sun fara da kyau, suka ci 5 cikin 6 na farko, har da Colorado da suka lallasa 28 da 10, sai kuma suka yi rashin nasara 4 a jere, kowa ya ce ga ta nan ta dawo. Ranar akwai sanyi, dattijon ya ba ni wata 'yar jaka kamar ƙullin shayi, ka girgiza ta sai ta ɗau zafi ka tura cikin safar hannu. Da lokacin la'asar ya yi na sauka ƙarƙashin benaye na samu wani lungu kusa da matakala na shimfiɗa rigata ta sanyi na yi salla, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin goshina saboda tsallen mutane a sama, wani ma'aikacin fili ya tsaya nesa kaɗan yana karkatar da masu wucewa har na sallame, ban roƙe shi ba. Na dawo na tarar dattijon ya ɗora hularsa a wurina kada a matse min. Aka tashi 44 da 25. Yaya ɗalibai suka yi ta dirowa cikin fili kamar an fasa dam, dubbai, har ciyawar ta ɓace sai ja kawai kake gani. Na juya in yi masa murna sai na ga bai miƙe ba, yana zaune ya dafa lambar da ke jikin bencin tsakanina da shi, hawaye na bin gemunsa. Ban ce komai ba na zauna. Mun fi minti 20 a haka sai da layin ya watse sannan ya ce mu tafi. Daga baya suka je New York suka ci Boston College 20 da 15 a ƙarshen Disamba, aka rufe shekara da ci 7 rashin nasara 6, karo na farko cikin shekara 8 da cinsu ya fi faɗuwarsu yawa.

Amma in gaya maka gaskiya maganar cikar filin nan akwai gardama a kanta, kuma a wurin aikinmu na gonar gwaji kullum sai an yi ta lokacin cin abinci. Wani abokin aikina ɗan Iowa, su ne manyan abokan hamayyarmu, kullum cewa yake lissafin na tikitin da aka sayar ne ba na mutanen da suka shigo ba, kuma yana da gaskiya a nan, ni da idona na ga saman benen kudu da gibi-gibi a wasan da bai da zafi. A 2021 ma saura ƙiris lissafin ya yanke, sai wasu masu hali suka saye ragowar tikitin aka raba wa yaran da iyayensu ba su da ƙarfi. Shi yana ganin wannan dabara ce kawai ta rufa asiri. Ni kuma na ce masa ko da dabara ce, yaro ɗan talaka ya shiga wurin da bai taɓa shiga ba, kuma ka nuna min wani wuri da tim zai yi shekara 7 a jere yana faɗuwa mutum dubu 70 ko 80 su ci gaba da fitowa cikin sanyi. Kuma ba futbol kaɗai ba, a ƙarshen Agustan 2023 aka kafa ragar ƙwallon raga ta mata a tsakiyar filin nan mutum 92,003 suka shiga, ba a taɓa tara jama'a haka a wasan mata ba a duniya. 

To kuɗin daga ina? Na san abin da za ka fara zato, gwamnatin jiha, don haka muka saba, Pillars ɗinmu in gwamnati ba ta saki kuɗi ba shi ke nan sai a ji 'yan wasa na bin bashin albashi. A nan sashen wasannin jami'ar abin da suke tinƙaho da shi shi ne ba sa karɓar kuɗin harajin jiha, da kansu suke ciyar da kansu, kuma futbol ɗin ce ke ɗauke da yawancin sauran wasannin, su kokawa da ninƙaya da guje-guje. Hanya uku ce babba. Ta farko talabijin. Nebraska tana cikin rukunin Big Ten tun 2011, yanzu jami'o'i 18 ne a ciki duk da sunan na nufin manya goma, kuma sun sa hannu da Fox da CBS da NBC a kan kusan dala biliyan 7 na shekara 7, tsofaffin 'yan rukunin kowacce tana samun sama da dala miliyan 60 a shekara. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, masu talabijin su ke yanka lokacin wasa, wani lokacin sai saura kwana 12 ko ma 6 za a faɗa, yau 11 na safe gobe daren Juma'a, manomin da zai taso daga nisan awa 6 shi ya san yadda zai yi. Kuma tunda aka shigo da USC da UCLA da Oregon da Washington a 2024 yara ɗalibai ke tashi jirgi daga wannan bakin ƙasar zuwa wancan a tsakiyar zangon karatu.

Ta biyu tikiti, ita ma da sarƙa a jikinta, don kujerar shekara a wurare masu kyau ba kuɗin tikiti kawai za ka biya ba, sai ka haɗa da gudummawa duk shekara kafin a bar maka wurinka. Ta uku attajirai, su suka tara kaso mai yawa na dala miliyan 165 da aka gina sabon wurin atisaye kusa da filin. Shi kansa kocin yanzu Matt Rhule kwantiragin da ya sa wa hannu a 2022 na shekara 8 dala miliyan 74 ne, ya fi shugaban jami'ar da gwamnan jihar albashi nesa ba kusa ba.

Su 'yan wasan fa, da can sisi ba a ba su, sai karatu kyauta da abinci da wurin kwana, filin ya cika kocin ya kwashi miliyoyi yaron da ake karya wa gwiwa ya tashi da takardar digiri in ya yi sa'a. Wannan zalunci ne kuma na ji daɗi da aka gyara. A Yulin 2021 aka ba su dama su yi talla da sunansu su karɓi kuɗi, sai kuma watan Yunin nan da ya wuce wata alƙaliya a Kalifoniya ta amince da sulhun wata babbar shari'a, yanzu kowace jami'a tana iya raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekara kai tsaye, a canjin yanzu ya haura naira biliyan 30. Wannan shi ne labarin da ɗan namu ya tsinta.

Abin da TikTok bai gaya masa ba shi ne abin da ya zo tare da kuɗin, kuma shi ne ke hana dattijona barci. A cikin sulhun an ce tim ɗin futbol kada ya wuce mutum 105. Nebraska kuwa ta saba riƙe wajen 150, saboda wata tsohuwar al'ada tasu: yaran ƙauyukan jihar, 'ya'yan manoma daga garuruwan da makarantarsu ba ta da ɗaliban da za su cika 11 sai dai su buga 8-8 ko 6-6, sukan zo su shiga tim ba tare da an ɗauke musu kuɗin makaranta ba, iyayensu ke biya, su sha duka a atisaye shekara 3 ko 4 don wata rana a sa su ko na minti 2 ne, wasunsu kuma har su zama taurari. In yaron garinku yana cikin tim ai duk garin ne ke ciki. An dai yi sassauci ga waɗanda suke ciki yanzu ba za a kore su dole ba, amma ƙofar ta kusa rufuwa ga na baya. Ga kuma 'yan wasa yanzu suna canza makaranta duk shekara inda aka fi ba su tsoka, kafin ka haddace lambar rigar yaro ya tafi. Ban ga laifinsu ba, koci ma haka yake yi, shugaban sashen wasannin da ya kawo Rhule shi ma ya tafi jami'ar Texas A&M a Maris ɗin 2024. Amma dala miliyan 20 ɗin nan dole a nemo ta duk shekara, kuma kowa ya san aljihun da za a taɓa. A 2023 an amince da gyaran filin na dala miliyan 450 wanda zai sa kujeru masu jingina ya rage yawan wuraren zama, an dakatar ana sake dubawa amma ba a binne maganar ba. Kuma daga bana za a fara sayar da giya a cikin filin, abin da ba a yi a da. Wannan ya dame ni ƙwarai, ɗaya daga cikin abin da ya sa na saki jiki da wurin shi ne ka ga jikoki da kakanni a zaune ba mai yi maka warin barasa a ka. Zan je in gani, in layinmu ya lalace zan gaya wa dattijon gaskiya.

Rannan muna zaune a barandarsa ya ce min shi ba rashin kofi yake tsoro ba, ya ga guda 5 da idonsa sun ishe shi. Tsoronsa ranar da za a aiko masa da takarda a ce layinsu an mayar da shi na masu kuɗi, a warwatsa su, matar gabanmu a can shi a can. Ni ma abin da nake gani ke nan Yaya, lissafin 403 ɗin nan ba attajirai suka yi shi ba kuma ba talabijin ba, mutanen benci ne, in aka tashe su don a biya tim ɗin da zai ci kofi ban san wa zai zauna cikin sanyi ba ranar da aka sake faɗuwa.

Maganar bana kuwa, ina da kyakkyawan zato kuma ba na ɓoyewa. Rhule yana da tarihi a shekararsa ta 3. A Temple ya fara da cin wasa 2, sai 6, sai 10. A Baylor 1, sai 7, sai 11. A nan ya yi 5, ya yi 7, kowa a gari ya iya wannan lissafin har yaran firamare. Mai jefa ƙwallonmu Dylan Raiola bara yana ajin farko aka ɗora masa tim, babansa ma a nan ya yi wasa, hannunsa akwai kyau sai dai yakan riƙe ƙwallo ya daɗe har a cim masa, bana ya ƙara hankali kuma Dana Holgorsen da aka kawo a ƙarshen bara ya tsara harin ya samu cikakken lokaci da shi. Jadawalin ma ya yi mana sauƙi, babu Ohio State mai riƙe da kofi babu Oregon. Inda nake jin tsoro baya ne, manyan ƙartin da ke tare gaba sun gama sun tafi, kocin tsaron ma ya koma Florida State. Sai kuma tsohon ciwon, cikin wasa 6 da aka ci mu bara 5 duk da tazarar ci ɗaya ne, na Iowa 13 da 10 a daƙiƙar ƙarshe ya fi min ciwo, kuma tun 2016 ba mu doke tim ɗin da ke cikin jerin manya 25 ba. Masu kiran rediyo suna ta cewa za a shiga gasar ƙarshe ta tim 12 da ake fitar da zakaran ƙasa, ni ban kai nan ba. Na ce za mu ci wasa 9, in an ci Michigan a gida ranar 20 ga Satumba to a fara maganar 10. Dattijon ya ce 8, ya ce shi an sha cizonsa.

Yanzu kan ɗan namu. Ka gaya masa ban kashe masa gwiwa ba amma kuɗin nan ba na soka ba ne, kusan duka futbol da kwando ke cinyewa. Kuma ɗalibin da ya shigo da bizar karatu dokar aiki ta ɗaure shi, ko a futbol ɗin ma 'yan ƙasashen waje ba sa iya karɓar kuɗin talla yadda 'yan ƙasa ke karɓa. Sunayen Afirka da zai gani a tarihin tim ɗin nan, irin su Prince Amukamara da iyayensa 'yan Najeriya ne, da Ndamukong Suh da babansa ɗan Kamaru ne, duk a nan Amurka aka haife su a nan suka tashi da wasan. Akwai ma Musulmi, Ameer Abdullah, da ya yi tashe a nan daga 2011 zuwa 2014, har yau in na faɗi sunana a fili sai wani ya ambace shi. Abin da ke yiwuwa shi ne gurbin karatu ta hanyar soka, akwai jami'o'in da ke da tim ɗin maza, Creighton da ke Omaha kusa da mu tana da mai ƙarfi, amma sai da sakamakon WAEC mai kyau da Turanci da bidiyon wasanninsa cikakku ba yankakku ba, kuma sau da yawa rabin kuɗin makaranta ake ɗauke wa mutum ba duka ba. Don Allah Yaya duk wanda ya zo ya ce shi eja ne a ba shi kuɗi ya samo gurbi kada a ba shi ko naira, koci na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun yaro. Ya dage da lissafi da Ingilishin nan da yake gudu, ya sa a ɗaukar masa wasa biyu daga farko har ƙarshe a turo min, ni zan rubuta wa makarantun da kaina.

Zuwa gida bana da wuya, ka ji yadda aka mayar da bizar 'yan Najeriya ta wata 3 shiga ɗaya tun watan Yuli, in na fito dawowar sai an sake bin layi, ga girbin gonar gwajinmu a Oktoba. Kuɗin taki na turo ta hannun da muka saba, ka cire na maganin Inna tukuna. Jar rigar da ɗan namu ya ce yana so na saya, da hula biyu, ɗaya taka, zan ba wani da zai taho Kano ƙarshen wata.

Wasan farko ranar Alhamis 28 ga wata ne da Cincinnati, ba a gida ba, a Kansas City, tafiyar awa 3 daga nan. Dattijon ba ya iya tuƙin dare yanzu don haka ni zan ja motar, ya riga ya sa an duba tayoyi. Da dare za a yi, ku lokacin kuna barci, in ka tashi sallar asuba ka duba waya za ka tarar da sakamako da hotuna. Ka gaishe min da Inna ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a, ka gaida Anti da yara da su Kawu, da mutanen majalisa, ka kuma gaya min yadda Pillars ta shirya wa sabuwar kaka, ko Ahmed Musa zai ci gaba da bugawa.

Wassalam,
Ƙaninka